Tumakin Aisa Bakwai

Gure, 9 ga Rajab

Zuwa ga uwargidana Aisa, a gidan Malam Lawali, Kelle.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya. Ina gajiyar hanya? Yaya ƙafar Inna? 'Yarmu Biba ta daina tarin nan? Mu nan sai godiyar Allah.

Na san yayanki Malam Lawali ne zai karanta miki wannan takarda. Malam, don Allah ka karanta duka, kada ka tsallake inda ya yi muni don ka rufa mini asiri.

Kin ce kafin ki dawo za ki biya rugar Hammajoda ki ga tumakinki bakwai da yake miki kiwo, waɗanda kika tara da kuɗin fura. Kada ki wahalar da kanki. Babu ko ɗaya. Ni na sayar da su.

Bara da fara ta cinye gonaki, rumbuna ya ƙare tun kafin shuka. Mace ba ta leƙa rumbun mijinta, ni kuwa sai na fake da wannan. Nakan je in ce wa Hammajoda ke kika aiko ni, in kai tunkiya kasuwar Gamu inda ba a san ni ba, in sayo hatsi in zuba a rumbu ranar da kika fita unguwa. Da safe in hau in auno tiya ɗaya, in miƙo miki ina hura hanci, ke kuma ki durƙusa ki ce Allah ya ƙara buɗi. Har faɗa na yi miki ranar da kika ɗebar wa maƙwabciya, na ce ba ki san zafin nema ba. Furarki ma da nake saya da rana kamar kowa, da kuɗinki nake biyan ki.

Biyar sun tafi a hatsi, ɗaya na biya lanho, wato harajin Nasara, da ita. Ta bakwai ce ba ni da bakin faɗa. Ita ce rigar da na sa ranar Salla don kada abokai su ce na karye, har kika ce ta yi mini kyau.

Kunya ta hana ni faɗa kina gida, shi ya sa na jira kika tafi. In kin ce ba za ki dawo ba, ba ni da ta cewa. Amma ina so ki dawo.

Ki gaishe da Inna, ki shafa mini kan Biba.

Mijinki,
Garbai

Gure, 21 ga Rajab

Zuwa ga uwargidana Aisa.

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa, Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarki ta iso ta hannun masu kanwa. Na karanta sau ɗaya, na kasa maimaitawa.

Ashe Hammajoda ba ya sakin dabbar mace da maganar miji. Ashe duk lokacin da ya ce in dawo jibi, matarsa Dija yake turowa da ƙwaryar nono ta tambaye ki, ke kuma ki ce a ba ni, kada a nuna mini kin sani. Ni da nake wuce Dija a zaure ina amsa gaisuwarta da ƙyar.

Kin ce ba tumakin ne suka yi miki ciwo ba, ai cikinmu suka shiga. Kin ce sau bakwai kina jira in zauna in ce miki Aisa, ba ni da shi, sau bakwai ina zaɓar in yi wa makiyayi ƙarya. Wallahi da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

Kin kuma ce takarda ba baki ba ce, kuma ba za ki taso ba sai na faɗa da kaina. Gaskiyarki. Ranar Laraba ina tafe in Allah ya yarda, zan faɗa a gabanki da gaban Malam. Abu ɗaya nake roƙo: in na yi sallama kin fito, kada ki durƙusa mini. Ba zan iya ɗauka ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai jin kunyarki,
Garbai