Tafiyar Baba Daga Hawasha

Daren Talata, tsakiyar Rajab, Makwar

Yau Ustaz ya cika allo da kalmomin Turanci na tafiya. Wai kowane irin taku da sunansa. Ya sa muka tashi ɗaya bayan ɗaya muna kwaikwayo, aji ya kaure da dariya. Tawa ita ce trudge. Ya ce, "Ya Hauwa, yi mana tafiyar wanda ya gaji har ƙafa ta yi masa nauyi."

Ina ɗaga ƙafa sai na ga Baba, Allah ya jiƙansa, yana dawowa daga hawasha, wato gonarmu, bayan ya wuni yana ba auduga ruwa, laka har gwiwa. Na kasa ƙarasawa, na koma na zauna.

Kaka tana da sunan wannan tafiyar da Hausa. Da ta hango shi daga ƙofar gida sai ta faɗi sunan, ta ce a ɗora shayi. Tun la'asar nake laluben kalmar. Ba ɗingishi ba ne. Ba tangaɗi ba ne kuma, Baba bai taɓa tangaɗi ba. Na tambayi Inna, ta daɗe tana tunani, sannan ta ba ni da Larabci, harshen da aka fi yi a nan. Haushi ya kama ni na fice, alhali ba laifinta ba ne.

Jibi jarrabawa, na Turancin duk na haddace su. Wadda nake nema guda ce, ita kuwa tun bara aka binne ta tare da Kaka.