Motarka da Makullin da ke Aljihun Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau. Ciwon gwiwar Mama ya yi sauƙi, har ta koma faɗa da mu a kan shara, ka san alamar lafiyarta ke nan. Ƙafar Baba kuwa tana nan yadda ka bar ta, likita bai janye maganarsa ta hana shi tuƙi ba.

Yaya, maganar motarka ce, kuma kaina ya ɗaure. Ranar da za ka tafi ka ba Baba makulli, ka ce ya riƙa ɗumama ta kada batir ya mutu. To, ya riƙe maganar fiye da yadda kake zato. Kullum da safe sai ya dogara sandarsa zuwa rumfar da motar take, ya tayar da ita, ya ja kujera ya zauna tana ta gurnani a wuri ɗaya har rana ta ɗaga. Ya kuma sayi galan na baƙin mai, duk mako sai ya buɗe bonet ya ɗan tsiyaya mata, wai haka yake yi wa tsohuwar motarsa. Kwanan baya ta fara fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi ta salansa, sai na kira Dogo bakanikenka.

Dogo ya kwance wani tiyo a gaba, baƙin mai ya zubo masa har a takalmi. Ya ce daga intakula ne, wani abu mai kama da lagireto, aikinsa sanyaya iskar da turbo ke hurowa kafin ta shiga inji. Na ce to in iska ce ke bi ta ciki, me ya kai mai can? Ya ce ɗan maiƙo ba laifi ba ne, amma wannan ya yi yawa. Na tambaye shi ko turbon ya mutu, ya ce ba lallai ba. Na ce ke nan lafiyarsa lau, ya ce nan ma ba lallai ba. Sai da ya zaro ƙarfen awon mai ya ga ya haura alamar cika nesa, ya tambayi wanda ke ƙara mata. Da na gaya masa, ya ce man ya yi mata yawa, ga barin ta tana aiki a tsaye, shi ya sa yake samun hanya ya taru can. In aka ci gaba, wata rana inji zai zuƙe shi, a yi asara babba. Ni dai ban taɓa jin an lalata abu da yawan kula ba, garin neman gira za a rasa ido.

Dogo ya wanke intakular, ya rage man, ya ce a karɓe makulli daga hannun Baba. Faɗa da baki sauƙi gare shi. Mama ta ce duk wanda ya taɓa makullin nan ita da shi, don ba abin da ke fito da Baba daga ɗaki sai motar, kuma ya taɓa ce mata in yana jin ƙararta sai ya ji kamar kana gida za ka fita aiki. Wallahi tausayinsa nake ji. In na karɓa na karya masa zuciya, in na bari injinka ya tafi, ban san wanda zan zaɓa ba.

Jiya na yi ƙarfin hali na gaya wa Baba bayanin Dogo, har da cewa maganinta shi ne a hau titi da ita a yi tafiya mai nisa. Ya daɗe yana juya makullin a tafin hannunsa, na ɗauka zai miƙo mini, sai ya mayar aljihu. Ya ce shi ba ya tuƙi, ni ban iya ba, kuma ba zai ba bare ba. Ya ce in rubuta maka cewa motar ce take neman mai ita, ba shi ba, shi bai ce komai ba. Na rubuta yadda ya ce. Yau bai tayar da ita ba, amma ya je ya zauna a kujerar.

Ka gaida Anti da yarana, Babban Mutum da 'Yar Mama. Mama na sa muku albarka. Ka faɗa mini yadda zan yi, ko ka faɗa mini ranar zuwanka.

Ƙanwarka,
Auta