Warin Fetur a Rijiyar Inna Delu

Alhamis, 6 ga Mayu, 1999

Yau na zama mai gidan mai. Ni Nu'uman, malamin gona mai ritaya, da ko tayar mota ban iya canzawa. Alhaji Siddiq ya miƙo mani makullai a gaban shaidu, aka shafa fatiha. Famfo biyu, ofis mai ɗaki ɗaya, tanki a binne a ƙasa, bakin titi wajen Ƙofar Marusa. Garatutina duka ya shiga. Gonar marigayi Baba ta Batagarawa ma ta bi shi.

Matata Ramla ta bari sai da na wanke hannu daga tuwo, sannan ta ce, "Malam, in abin yana kawowa haka, me ya sa zai sayar?" Na ce mata tsufa ya kama shi. Shi ma haka ya ce mani. Mata da tsoro. Ita ba ta ga layin mai na bara ba, mutane na kwana cikin mota, 'yan bumburutu na cin karensu babu babbaka. Wanda ke da mai a garin nan, shi ake gaisarwa da hannu biyu.

Asabar, 29 ga Mayu

Soja sun miƙa mulki, kowa ya manna rediyo a kunne. Mu ma yau muka buɗe. Ado, mai zuba man da na gada tare da wurin, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya ce, "Maigida, sabuwar gwamnati da sabon gidan mai, ai abin ya zo daidai." Allah ya sa.

Talata, 15 ga Yuni

Layi ya ɓace. Mai ya wadata ko'ina. Manyan gidajen mai na kan hanyar Kano suna da janareta. Ni in an ɗauke wuta sai Ado ya juya famfo da hannu har direba ya gaji ya ja motarshi. Ribar lita ɗaya ko ƙosai ba za ta saya ba. Ashe ribar da na hango ta wahalar mutane ce. Wahala ta tafi, ta tafi da abinta.

Wuni nake a kan benci ina kallon titi. Kowace mota ta rage gudu sai gabana ya faɗi, sai kuma in ga rami take kauce ma.

Lahadi, 4 ga Yuli

Mai yana ɓacewa. Duk safiya muna zura sandar awo cikin tanki, abin da sanda ta nuna bai taɓa yin daidai da abin da aka sayar ba. Ado ya ce wata ƙila zafi ne ke shanye shi. Zafi a tsakiyar damina?

Litinin, 19 ga Yuli

Na sallami Ado. A gaban 'yan acaba na yi, don in huce. Na ce mashi ɓarawo. Ya cire rigar aikin, ya ninke ta, ya aje a kan famfo. "Maigida, in akwai Alƙur'ani a ofis ɗin nan, kawo in dafa." Na ce ban buƙata. Ya ɗauki butarshi ya tafi.

Ramla ta ce na yi gaggawa. Na daka mata tsawa. Tun da muka yi aure ban taɓa ba.

Talata, 3 ga Agusta

Ni ke riƙe da bututu yanzu, ni ke karɓar kuɗi, makulli a aljihuna yake kwana. Mai bai fasa ɓacewa ba.

To wa zan kora kuma?

Asabar, 14 ga Agusta

Inna Delu ta zo. Tsohuwar da gidanta ke manne da katangarmu ta baya, mai tuyar waina. Rijiyarta duk lungun ke sha. Ta durƙusa muka gaisa, ina kwana, an tashi lahiya, ya iyali, ya kasuwa, ya ruwa. Sannan ta buɗe ƙwaryar da ta rufo da faifai.

"Malam, kai ka yi boko. Shinshina mani ruwan ga. Jikokina sun ƙi sha, masu sayen waina sun hwara ƙorafi."

Ban ma kai hanci ba na ji. Ga wani maiƙo yana yawo a sama, launi-launi kamar bakan gizo. Na ce mata wata ƙila wani ya wanke jarka a kusa, ruwan sama ya kwashe. Ta ce to, ta yi mani godiya. Godiya fa.

Da ta fita na koma kan benci na zauna.

Laraba, 18 ga Agusta

Na ɗauko mai gyaran tanki daga Kano, a ɓoye, na ce ma maƙwabta famfo ya zo dubawa. Bai daɗe ba ya fito yana goge hannu. Tsatsa ta cinye gindin tankin. Ba yau ba ne, ba bara ba. Sai an fasa siminti, an tono shi, an binne sabo. Da ya faɗi abin da za a kashe sai da na yi dariya. Ko gidan da muke ciki na sayar, da ƙyar.

Daga nan na wuce Ƙofar Kwaya wurin Alhaji Siddiq. Ya sa aka kawo mani fura mai sanyi. Ya bari na gama magana tsaf, yana jan carbi.

"Malam Nu'uman, ka ga tankin da idonka kafin ka saya?"

"Ta yaya zan gani, Alhaji, abu a ƙarƙashin ƙasa?"

"To ni ma haka. Ciniki kuma ya faɗa a gaban shaidu. Sai haƙuri, kasuwa ta gaji haka."

Ya rako ni har bakin ƙofa. Wallahi da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Juma'a, 27 ga Agusta

Ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba.

Alhamis, 9 ga Satumba

In na rufe, me za mu ci? Fansho sai ya ga dama yake zuwa. In na ci gaba, ina zuba guba a rijiyar mutane. In na faɗa, unguwa ta taso mani, hukuma ta garƙame wurin, shi ke nan na tashi a tutar babu.

Na sake sauke rabin tanka. Na ce ma kaina in na sayar da sauri, kaɗan ne zai zube. In tara, in tara, in gyara kafin kowa ya gane. Lissafin da nake yi ke nan a kan sallaya. Allah na gani.

Ramla ba ta sani ba. Tana ganin rashin ciniki ne ya hana ni cin abinci. Jiya ta ɗauko sarƙarta da 'yan kunnen gwal na gadon mahaifiyarta, ta ƙulle a gyale, ta aje mani a kan matashi. "Ka ƙara jari, Malam. Ba ka ga yadda ka koma ba?" Na karɓa. Na karɓa!

Litinin, 11 ga Oktoba

Kuɗin gwal sun tafi defon mai, na biya tanka guda cur, an ce in jira layi.

Mai unguwa ya zagayo da yamma, ana karo-karo za a yashe rijiyar Inna Delu gobe. Suna zaton wani mugun abu ne ya faɗa ciki. Na ba da abin da ya fi na kowa. Ya yi ta sa mani albarka. Na so in faɗa mashi gaskiya, na fasa. Na ce a raina ai kwashe ruwa kawai za su yi da guga.

Talata, 12 ga Oktoba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi na ji ihu ta bayan katanga. Na zagaya da gudu. Ashe mutum aka zura ciki. Kuma Ado ne. Tun da na kore shi ba wanda ya ƙara ɗaukarshi aikin mai, wa zai ɗauki wanda aka kira ɓarawo a bainar jama'a? Leburanci yake, duk abin da ya samu.

An ce ya turo guga cike da laka, ya sake turowa, daga nan igiya ta yi shiru. Aka yi ta kira. Allah ya taimaka ya ɗaura igiya a ƙugu. Da aka jawo shi, kai ya langaɓe, ido ya kafe, kumfa a baki. Matarshi Binta ta faɗi a kanshi tana kururuwa. Wasu na cewa aljanun rijiya ne, a kawo tazargade.

Ni na sungume shi. Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Na sa shi a bayan motata fijo, mai unguwa ya riƙe kanshi. Duk numfashin da ya ja da ƙyar, motar sai ta cika da wari.

A asibiti likita ya tambaya me ya same shi. Kafin kowa ya buɗe baki na ce, "Fetur ya shaƙa. Rijiyar cike take da tururin fetur."

Mai unguwa ya juyo a hankali. "Ya aka yi ka sani, Malam?"

Na faɗa mashi. A tsaye a baranda, a gaban Binta. Tun yaushe, ya ce. Na ce tun damina.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Ya farfaɗo. Alhamdu lillahi. Ƙirjin ne likita ya ce sai a hankali. Binta ta hana ni shiga ɗakin. Tana da gaskiya.

Na faɗa ma Ramla komai. Na zaci za ta yi maganar gwal. Ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Ka bari mutum ya shiga, kana zaune a benci?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Da kuka ta yi da na samu abin lallashi.

Laraba, 3 ga Nuwamba

Famfo a kulle. An rufe bakin rijiya da kwano, an ɗora dutse. Inna Delu ta daina tuya, an ce kada a hura wuta a tsakar gidan. Ina biyan 'yan ga-ruwa su kai kura lungun kullum, ban san har yaushe zan iya ba. A masallaci sahu na yin faɗi a gefena.

Na tura dillali ya nemo mai saye. Duk Katsina ta riga ta ji. Wani ya taya filin, kuɗin akuya.

Har na yi tunanin in bar gari. Ina? Da wace fuska?

Litinin, 20 ga Disamba

Azumi, kuma wahalar mai ta dawo. Layi ko'ina, kamar bara. Abin da na sayi wurin dominshi, yau ga shi.

Kuma yau tankata ta iso, bayan azahar. 'Yan acaba suka biyo ta kamar ƙuda sun ga rake. Kafin ta gama juyawa motoci sun jeru har sun sha kwana. Direba ya diro. "Alhaji, a buɗe rami, ina da tafiya."

Kwana biyu zai ƙare. A kwana biyu me zai zube? Da ribar in fara tara na sabon tanki, in fanso gwal, in biya maganin Ado. Wallahi lissafin ya fita ta kowace fuska. Na durƙusa, na sa makulli, na ɗaga murfi.

Warin ya bugo ni. Shi ne dai. Na bayan fijo.

Na maida murfi na kulle. Na ce ma direba ba a nan za a sauke ba.

Wani dillalin 'yan bumburutu ya ja ni gefe, wai a juye a durom-durom a bayan ofis, shi zai kwashe. Bayan ofis, jikin gidajen mutane. Na ce a'a.

Jama'a suka harzuƙa. "Ɓoyewa zai yi!" "Maraɗi zai kai!" "Da azumi a bakinka, tsohon banza!" Dutse ya fasa gilashin ofis, wani ya same ni a kafaɗa. Na shiga gaban tanka muka kai ma wani gidan mai a hanyar Jibiya. Mai wurin ya ga idona, ya san ba ni da zaɓi, ya yanka farashin da ya ga dama. Na sa hannu.

An sha ruwa ina hanya. Da na iso Ramla ta ga jini a riga. Ta ɗora ruwan zafi, ta gasa mani kafaɗa, ba tambaya. Labari ya riga ni zuwa gida. Can ta ce, "Kunun ya huce, bari in ɗuma maka." Rabon da ta yi mani magana mai tsawon haka tun Oktoba.

Laraba, 12 ga Janairu, 2000

An wuce salla. Ba mu ɗinka komai ba bana.

Abin da ya rage na tankar ya tafi wurin lebura. An fasa siminti, ana tono tankin. Ba kuɗin sabon tanki, ba kuma ranar samunsu. A dai fitar da shi, a kwashe ƙasar da ta jiƙa. Mai gyara ya ce rijiya sai ta ga damina biyu ko uku, in ma za ta dawo.

Na je gidan Ado ranar salla. A zaune yake a zaure, yana tari. Na ce a gaban maƙwabtanshi bai taɓa ɗaukar mani ko digo ba, ni na zalunce shi. Ya ce, "Na ji, Maigida." Iyakar abin da ya ce. Bai ce ya yafe ba. Zan koma.

Lebura ɗaya bai zo ba yau, sai na karɓi shebur. Tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe. Na cinye tuwo har na nemi ƙari, Ramla na kallona ta gefen ido. Yunwar aiki ce kawai. Ba abin da ya gyaru. Gona ta tafi, gwal ya tafi, ban san abin da za mu ci watan gobe ba.

Ina cikin rami wani ɗan acaba ya turo babur, ya leƙo. "Baba, akwai mai?"

Na ce babu.

Sai da na watsa shebur na gaba na lura ban ɗago na bi shi da kallo ba. Gajiya ce, ina ji.