Maɓallin Sojan Turkawa Mai Ƙanshin Tsamiya

Hajiya Kabira, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ina zargin mutanen gidana sun haɗa baki a kaina, kuma na rasa ko fushi zan yi ko godiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba aka ga hannuna ya fi dacewa da sitiyari.

A Makka aka haife ni, a unguwar Shisha muke zaune. Kakana da ƙafa ya tako daga Katsina, ni kuwa jikansa ko masallacin layinmu za ni sai na leƙa ko akwai mai mota. Na tsufa ina jan bas ɗin alhazai tsakanin Aziziyya da Arfa. Ina ajiye aiki suga ya kama ni, likita ya ce in zaɓa, ko tattaki ko allura. Na zaɓi kujera. Daga kanta nake gyara wa uwar yara gishirin miya, taimakon da har yau ba ta gode ba.

Sai autana Hamad ya kawo mini wata sanda mai faifai a ƙasa, wadda in ta ji ƙarfe a cikin rairayi take kuka. Duk Asabar bayan asuba yakan kai ni dajin tsohuwar hanyar Jidda, inda ake cewa sojan Turkawa sun yi zango a da. Da fari abin da na tono: turakun tanti, murafun lemo, da wani cokali da na rantse na janar ne. Na gaji, na ce halas, na bari.

Asabar ɗin da ta biyo, sanda ta yi kuka a kan kwanson harsashi. Ta gaba, kan bel. Ta gaba, maɓallin tagulla mai wata da tauraro. Wallahi Hajiya na yi rawa a daji da tumbina. Na cika majalisarmu da labari, har Idris mai shayi ya raɗa mini Basha, wai babban hafsan Turkawa.

To ga abin da ya dame ni. Maɓallin da aka ce ya kwana shekara ɗari a ƙasa, ya fito yana ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. Na kai shi hanci, sai na ji tsamiya. A lungun watan da ke jikinsa kuma ga ɗan zaren tsamiya a maƙale da toka. Ban san tarihi ba, amma ban ji an ce Turkawa na dama kunu a aljihu ba. Mace ɗaya na sani a duniya da ba za ta bari tagulla ta fita daga hannunta ba ta dirje ta da tsamiya da toka ba, kuma ita ke dafa mini abinci.

Daga nan na buɗe ido. Duk inda na samu abu, Hamad ne ya ce mu gwada can, kuma kullum can ɗin ya fi na makon jiya nisa da mota. Ramin ba ya wuyar tono. Ran Juma'a da yamma yakan ce zai kai mota wanki, ta dawo da ƙura har gilashi. In na shigo da abin da na tsinta, uwarsa takan yi salati tun kafin in buɗe hannu.

Na so in tara su in fasa ƙwan. Abin da ya riƙe ni shi ne, yaron nan a gida Larabci kawai yake yi mini, sama-sama, idonsa a waya. A daji kuwa Hausa yake yi, karyayyiya, yana tambayata labarin kakana. In na tona, ina tsoron Asabar ɗin ta mutu. In na yi shiru, na zama tsohon da ake binne wa alewa. Ya zan yi?

Basha na Shisha, Makka

Wa'alaikumus salam, Alhaji Basha. Ba zan ruɗe ka ba, hancinka ya yi gaskiya. Tagullar da ta daɗe a ƙasa kore take fitowa, ba ƙyalli ba.

Kana da hakkin jin zafi. Ba daɗi a mai da babba yaro, ko da niyya mai kyau ce, balle ka riga ka kai labari majalisa. Amma dubi ɗaya gefen. An ba ka zaɓi ka ɗauki kujera. Su kuma suka ga mutum yana narkewa a gabansu, suka nemi abin da zai sa ka taka. Matar da ta kasa binne maka abu mai datti, ko a cikin dabara, ba raina ka ta yi ba.

Kada ka tara kowa. Ka sami uwar yara ita kaɗai, ka ajiye maɓallin a gabanta, ka yaba aikin tsamiya. Kai mai barkwanci ne, dariya za ta yi maka abin da faɗa ba zai yi ba. Ka tambaye ta inda aka samo kayan. A iya sanina dokar ƙasar nan ba ta yarda da tonon kayan tarihi ba izini ba, don haka Hamad ya bincika, abin da ya tabbata tsoho ne a miƙa wa hukuma. Kuma duk ƙarfen da ya yi kama da harsashi mai rai, kada ku taɓa, ku sanar. Idris kuwa, ka riga shi ba da labarin, sunan Basha ba zai goge ba.

Sannan ranar Asabar ka bar sandar a gida. Ka ce wa Hamad yau tattaki kawai za ku yi, za ka ƙarasa masa labarin kakanka. Ina kyautata zaton zai ɗauki makullin mota. Wanda ya yarda ya sha ƙurar Juma'a don kai, ba maɓalli yake zuwa nema ba.

Allah ya sauƙaƙa sugan, ya ƙara wa ƙafa ƙarfi. A gaida mai tsamiya.

Hajiya Kabira