Kwanakin da Na Ƙara a Dajin Kudu

Da sunan Allah Mai jin ƙan bayinsa. Daga Haliru masassaƙi na Lausu, zuwa ga matata Barira, a gidan mahaifinta Malam Isiyaku da ke Fassi.

Ya sanyin idona, ya inuwar tsamiyar da nake fakewa idan rana ta take, ya ruwan randa a bakin wanda ya wuni a gona! Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya tsaya a ƙofa ya kasa yin sallama. Hannun nan ya fi sabawa da gizago fiye da alƙalami, ki yafe karkacewar baƙaƙena. Na gode Allah da Malam ya koya miki karatu, ba sai wani ya shiga tsakanina da ke ba.

Kin tuna ranar da na rako ki Fassi goyon ciki? Kina kan jaki, ina riƙe da igiya, ɗorawa ta yi fure jajawur a bakin hanya, kina dariya kina cewa ina tafiyar da jakin kamar ƙwai na ɗauko. A hanyar nan na gaya miki dagaci ya zaɓe ni in bi Baturen daji zuwa kudu, bakin Kogin Kano, inda yake so a shata wani yanki ya zama gandu, a hana sara da farauta a cikinsa. Yana neman wanda ya san sunan kowace bishiya. Dariyarki ta ɗauke, kika ce, “Kwana nawa?” Na ce bakwai. Kika dube ni kika ce, “Bakwai na gaskiya, ko bakwai irin na masassaƙa?” Na rantse miki, Barira. Kaicona, na rantse miki!

Ba zan ɓoye miki komai ba, ya farin watana, domin ƙarya ba za ta ƙara mini daraja a idonki ba. Ba wanda ya tsare ni. Ran kwana na bakwai Bature ya tara mu, tafintansa Lado ya ce aikin farko ya ƙare, mai son gida ya tafi, mai so kuma ya bi su gaba zuwa duwatsun da ruwa ke gangarowa. Mutum huɗu suka ɗaure kayansu. Lado ya jawo ni gefe ya ce, “Haliru, ba kai ne mai iyali da tsohon ciki ba? Bi su mana.” Na tsaya ina lissafi da yatsu, na ce masa ai da sauran wata guda da ɗoriya, kwana biyar ba za su rage komai ba.

Me ya riƙe ni? Dajin ne, wallahi, dajin ne kawai. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin maɗaci irin wanda mutum uku ba sa iya rungumewa ba. Na ga ƙirya a tsaye tun zamanin kakanni, gatari bai taɓa jikinta ba. Na ga gwankaye sun fito shan ruwa da hantsi, ƙahoninsu a lanƙwashe, ba sa ko tsoronmu. Na ga gauraki sun cika fadama, na ga sawun ɓauna a laka har na sa tafina a ciki. Zuciyata ta ce mini: idan aka kafa iyaka, ɗan talaka kamarka ba zai sake shiga nan ba, cika idonka tun da sauran dama. Biyar suka zama goma. Kullum da safe sai in ce gobe, gobe kuma ta zo da wani kwari da ban gani ba. Ina ta tara labarai a raina, ina cewa zan ba Barira wannan, za ta yi dariyar wancan. Wayyo wauta! Ina tara miki labari, ke kuwa ni kike nema.

Ran kwana na ashirin da shida na iso Fassi, da zuma a gora da guntun itacen da na ce zan sassaƙa wa mai zuwa abin wasa. Tun daga bakin rijiya na ga mata suna sunkuyar da kai. Malam ya karɓe ni a zaure, ya ba ni ruwa, ya bari na sha, sannan ya ce, “Haliru, sai haƙuri. Haihuwa ta zo kafin lokacinta, an samu namiji ran kwananka na goma sha biyu. Ya kwana huɗu, Mai shi ya karɓi abinsa.” Ya ce yayanki Idi ya yi kwana uku a ƙafa yana nemana, ya tarar da tokar murhunmu kawai, mun riga mun ƙara gaba. Malam bai ɗaga mini murya ba. Da ma ya zage ni, da ma ya kore ni da sanda, da ya fi mini sauƙi!

Na san rai na Allah ne, kuma da ina nan ba ni da ikon ƙara masa ko numfashi ɗaya. Ba wannan ke cin raina ba. Abin da ke cin raina shi ne ƙanwarki Huseina ta gaya mini duk sallamar da aka yi a ƙofar gida cikin kwanakin nan sai kin ɗago kai. Wa kike jira, ya kurciyata, in ba ni ba? Wa ya kamata ya yi masa huɗuba a kunne? Wa ya kamata ya ɗauke shi zuwa makwancinsa? A lokacin ina ina? Ina gindin wata bishiya, ina faɗa wa baƙo sunanta!

Huseina ta kawo mini saƙonki, cewa ba fushi kike ba, amma ba za ki iya duban fuskata yanzu ba. Na karɓa, kuma ba zan turo manya su matsa miki da biko ba. Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi, ina share shi da kaina, maƙwabta na dariya ban damu ba. Ki zauna wurin Inna har zuciyarki ta huce, ko wata nawa ne. Bature ya sake aiko Lado nemana, na ce ya gaishe shi, ƙafata ta gama da dajin kudu.

Abu ɗaya nake roƙo, ya zumar rayuwata. Na san kunya ta hana mutum ambaton ɗan fari, amma yau na ajiye kunya, tun da ni ban same shi ba balle in ji kunyarsa. Kowa a gidanku ya gan shi sai ubansa. Idan kin iya, ko a bayan wannan takarda ne, ki rubuto mini yadda yake. Yana da gashi? Hancin wa ya ɗauko? Ya yi kuka da ƙarfi? Ya riƙe miki yatsa? Ki ba ni ko kaɗan daga kamanninsa, in san fuskar da zan riƙa sa wa a addu'a.

Ni ne naki, a yafe mini ko a ƙi, ba ni da wata alƙiblar zuciya bayanki har ranar da za a kwantar da ni.

Haliru