Igiyar Shanya ta Baba

Zuru, Jihar Kebbi,
19 ga Nuwamba, 2006.

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Saje Philemon Haggai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can Darfur. Kullum da safe in muka zauna addu'a ni da Baba, sunanka ne na farko. Allah ya tsare ka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan lafiya, sai godiya. Matarka Keziah ta kawo yara hutu daga Kaduna, sun cika gidan da hayaniya, da suka koma kuma sai gidan ya yi mana girma. An fara yankan dawa, ta bana ta yi kyau, ko da yake rabin gonar kawai aka noma. Idon Baba ne dai ba sauƙi. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa, amma ka san halinsa, in ka tambaye shi sai ya ce yana gani sarai, rana ce ta yi ƙarfi.

A wasiƙarka ta ƙarshe ka tambaya ko digirin nawa na uku a ƙarƙashin katifa na ajiye shi. Kai da tsokana! To bari in ba ka labari. Tun da na dawo daga Afirka ta Kudu bara, babu makarantar koyar da kasuwanci da na ji sunanta ban aika mata takarduna ba. Kabu-kabu nake hawa zuwa shagon intanet na cikin gari, in tarar ba wuta, in dawo, gobe in koma. Wata jami'a ta ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Wata ta tambaye ni wa na sani a cikinta. Wata ta waje ta ce bincikena a kan yadda matan kasuwar hatsi ta Ribah da Bena ke gina amana tsakaninsu da masu saye ya yi kyau, amma su mai ilimin banki suke nema. Mafi yawa ma ko amsa ba su yi ba, kuma wannan shirun ya fi ciwo.

Yaya, ban taɓa sanin mutum zai yi kaɗaici a garin da aka haife shi ba sai yanzu. Ƙawayena duk sun yi aure, in na je wurinsu hirar yara da ta miya ake yi, ni kuma sai murmushi. A coci matan zumunta suna kirana Dokta da bakinsu, idonsu kuma yana kan yatsana suna neman zoben aure. Babu wanda zan zauna da shi in ce ga abin da na karanta, me ka gani? Da Mama na nan, ko ba ta gane ba za ta saurara, ta ce in ci abinci tukuna. Har ta kai ni ga tsayawa a gaban garken awaki ina gwada laccar da zan yi in an kira ni. Baba yana zaune a gindin mangwaro yana ji. Bai taɓa cewa komai a kan Turancin ba, sai dai ya ce daga muryata ya san na ranƙwafa, in miƙe tsaye kamar 'yar soja.

A watan jiya wata makarantar kasuwanci a Legas ta rubuto cewa za su yi min intabiyu ta waya. Ka san unguwarmu a bayan dutse take, sabis ba ya sauko mana, sai an hau sama. Ranar na sa kwat ɗina na bikin kammala karatu, na hau dutsen nan da muke tsinkar ɗinya muna yara, na zauna ni kaɗai, ba mai ganina sai ƙadangaru. Farfesoshi suna ta jefo min tambaya, iska tana kwashe rabin maganarsu, ni kuma ina riƙe da takarduna kada su tashi. Da muka gama na rasa wanda zan ce wa na yi ƙoƙari ko ban yi ba. Suka ce za su sake kira, ba su faɗi rana ba. Tun daga nan kullum bayan abincin rana sai in hau dutse in zauna da waya a cinya har rana ta yi sanyi.

A cikin kwanakin nan ne na sauko wata rana na tarar Baba ya ɗaura igiya a tsakar gida, daga ƙofar ɗakinsa zuwa mangwaro, daga nan zuwa randa, ta zagaya har bayan gida. Ya ce ta shanya ce, tsohuwar ta ruɓe. Na yi masa dariya, na ce wace irin igiyar shanya ce iya ƙugu, ai zani zai ja ƙasa. Ya ce tsohon soja ya san abin da yake yi. Hankalina yana kan waya, ban sake bi ta kanta ba.

Ranar Talatar da ta wuce suka kira. Sun ɗauke ni, Yaya. Malama a sashen nazarin kasuwa, in fara a watan Janairu. Na yi zaton ranar da na ji wannan magana zan yi tsalle, amma da na kashe wayar sai Baba ya faɗo min a rai. Wa zai riƙe hannun Baba in zai zagaya? Wa zai ɗiga masa maganin ido? Kai kana bakin daga, Keziah tana da aikinta da yara. Kafin in kai gindin dutsen na gama yanke shawara cewa zan roƙe su su jira ni shekara guda, alhali na san ba a jiran kowa a irin wannan aiki.

Da yake na sauko da wuri, bai zaci dawowata ba. Na tsaya a bakin ƙofa, sai na gan shi ya fito daga ɗaki, hannunsa na dama a kan igiyar, ya ɗaure idonsa da tsohon ɗankwalin Mama don kada ɗan hasken da ya rage ya taimake shi. Ya bi ta har randa, ya lalubi moɗa, ya sha ruwa, ya rufe. Da ya nufi bayan gida ya yi tuntuɓe da turmin da na bari a hanya, ya faɗi a kan gwiwa. Na toshe bakina da hannu. Ya tashi, ya kakkaɓe, ya gusar da turmin, ya koma ƙofar ɗaki ya sake farawa daga farko. Ashe duk ranakun da nake kan dutse ina jiran Legas, shi yana ƙasa yana koyon zama ba ni.

Bai juyo ba ya ce ya ji takuna, kuma tafiyar tawa ta yau daban take, ashe sun kira. Na ce sun kira, amma zan ce su jira. Sai ya kwance ɗankwalin, ya zauna a kan turmin, ya tuna min da golmonsa, noman neman aure, shekara bakwai yana noma gonar kakanmu kafin a ba shi Mama. Ya ce ranar da aka aiko cewa ya zo ya ɗauki matarsa, mahaifinsa na kwance ba lafiya, amma tsohon da kansa ya kore shi ya ce ya tafi. Ya ce ni ma na gama nawa noman a ƙasar mutane, ba zai zama shi ne dalilin da zan bar abin da na wahalta wa ba. Har ya riga ya yi magana da Gwaggo Magdalene, za ta riƙa kawo masa abinci ta sa masa magani safe da yamma. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ya bar ni na yi, sannan ya ce in miƙe tsaye.

Washegari na hau dutse na ce musu na amsa. Ina murna, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai zan tafi garin da ban san kowa ba, in bar shi a gidan da ba kowa. Ban san wanda zai fi wani jin shirun ba tsakanin ni da shi.

Baba yana gaishe ka ƙwarai, ya ce ka riƙa tsaftace bindigarka ka kuma riƙe addu'a. Gwaggo Magdalene tana gaisuwa, haka maƙwabcinmu Malam Haladu, wanda kullum sai ya tambayi labarinka. In ka samu waya ka gaishe min da Keziah da yara.

Roƙo ɗaya nake yi maka. Baba bai gaya wa kowa amfanin igiyar nan ba, har gobe ta shanya yake kiranta. In ka zo hutu ka gan ta a tsakar gida, kada ka kwance, kada ka ɗaga ta sama, kada kuma ka tambaye shi. Ka wanke rigarka ka shanya a kai, ko da za ta ja ƙasa.

Taka ƙanwa mai kewarka kullum,
Dinah