Waƙar Yaya Samiratu

Asabar, 6 ga Mayu, 2023

An yi suna. Jikata ta farko, an sa mata Adizatu, sunan marigayiya matata. Ni na riƙe kyamarar da ɗana Abdulnasir, uban jaririyar, ya aiko daga Jamus, tun daga addu'ar liman har aka watse. Da wanzami ya fara aski, Yaya Samiratu ta yi waƙar gidanmu, mai jero kakanni tun wanda ya biyo ayarin goro daga Kano zuwa Salaga har Kumasi. Ita kaɗai ta rage mai riƙe da ita, kuma ta haura tamanin. Duk na ɗauka. Alhamdulillahi.

Litinin, 8 ga Mayu

Na zuba bidiyon a tsohuwar kwamfutata, cikin manhajar haɗa hotuna da aka koya mana a makarantar yamma shekarun baya. Hoto fes. Sauti babu. Bakin Yaya na motsi kamar na kifi a ruwa. Na ƙure ƙara, na sake waya, na aro lasifika a shagon Mutala. Karatun Alƙur'ani yana fita lafiya lau, sunan jikata ne kawai kurma.

Talata, 9 ga Mayu

Na goge, na sake zubawa sau uku. Haka nan. Na kasa cin waakye, shinkafa da waken nan.

Alhamis, 11 ga Mayu

Abdulnasir ya kira. Ba rago yake so ya gani ba, ba 'yan'uwa ba, waƙar yake so, ya haddace ta. Na ce ina kan aiki. Ban gaya masa ba.

Da la'asar na je unguwar Alabar na roƙi Yaya ta maimaita. Ta ce waƙar suna ba a yi wa ɗa ɗaya sau biyu, ba rediyo ba ce ita. Tari ya sarƙe ta tana magana. Na dawo a ƙasa, na kasa zama a trotro, motar haya.

Juma'a, 12 ga Mayu

A masallaci hankalina na kan kwamfuta. Astagfirullah.

Lahadi, 14 ga Mayu

'Yata Nusrat ta zo daga unguwar Ayigya. Ta saurari bayanina har ƙarshe, wai minti ashirin, sannan ta tambaye ni ko na taɓa kunna bidiyon a kan kyamarar kanta. Ban taɓa ba. Ta danna, sai ga muryar liman. Ashe sautin na nan. Ta ce manhajata ce ta tsufa, ba ta gane irin sautin da sababbin kyamarori ke ɗauka, sai ta karɓi hoto ta bar murya a ƙofa. Ta juya fayil ɗin zuwa nau'in da tsohuwar ta sani, muka sake zubawa, layin sauti ya fito a ƙasan hoton. Na tashi na yi rawa, da tsufana.

Muka kai wurin aski. Ga Yaya ta buɗe baki. Muryar da ta cika ɗakin tawa ce. "Ku matsa! Mutala, cire kanka! Kun ga hancin? Na Adiza ne sak!" Minti huɗu cur. Waƙar tana can baya kamar sauro. Sunayen kakanni biyu kawai ake ji cikin tara.

Nusrat ta ce, "Baba, wanda ya riƙe kyamara shi ya fi kusa da kunnenta." Na tambaya ko za a iya cire ni. Ta ce an riga an dama mu tare kamar koko.

Kyamarar ce ke da laifi. Wa ya ce a sa makirufo kusa da bakin mutum?

Litinin, 15 ga Mayu

Matata Adiza takan ce ko a jana'izata ni zan yi jawabi. Na tuna, shi ke nan.

Laraba, 17 ga Mayu

Na raka uwar jaririya gaisuwa gidan Yaya. Na gaishe ta, na zauna, kyamara a cinyata tana kallonta, jar fitila a kunne. Na nuna mata da yatsa, ta harare ni, ba ta hana ba. Da shirun ya yi yawa ta ce, "Abdul-Hakim, ba ka da lafiya ne?" Na girgiza kai.

Can jaririya ta ɓarke da kuka. Yaya ta karɓe ta, ta ɗora a ƙirji, ta ce wannan rarrashi ne, ba suna ba, kada wani ya je ya ce ta karya al'ada. Ta fara daga mai goro. Sau biyu magana ta zo mini har maƙogwaro, don hancin nan dai na Adiza ne. Na ciji hular da ke hannuna.

Kakanni tara cif. Nusrat ta juya fayil ɗin, mun saurara, har numfashinta ana ji. Ni babu ni a ciki ko kaɗan. Ban taɓa sanin sunan kakana na biyar Ɗantsoho ba ne, kuma sau nawa aka yi waƙar nan a gabana.

Na aika wa Abdulnasir. Ban haɗa da bayani ba.